Zauren Tambaya: Kalmar "Homeric" da Mawaƙin da Ta Samo Suna Daga Gare Shi

Wasiƙun da suka taru a zauren nan wannan karon kusan duk a kan kalma ɗaya suke, don haka muka haɗa su wuri guda muka miƙa wa malaman adabi da harshe da ke amsa mana irin waɗannan tambayoyi.

Assalamu alaikum. Na ga wani marubuci ya kira wani yaƙi "Homeric battle". Na duba ƙamus, sai ya ce ma'anarta epic ko heroic. To in haka ne, me ya hana shi ya ce epic ya huta? Kuma daga ina kalmar ta fito? — Wata ɗalibar Ingilishi, Zariya

Wa alaikumus salam, Malama. Ƙamus bai yi ƙarya ba, taƙaitawa ya yi. Kalmar sifa ce da aka gina a kan sunan mutum, wato Homer, wanda Turawan Ingila ke furtawa Homa, Larabawa kuma su ce Humirus. Mawaƙin Girka ne na zamanin da, shi ake jingina wa dogayen waƙoƙi biyu, Iliyad da Odisi. Girkawa na kiransa Homeros, abin da ya dangance shi kuma su ce Homerikos. Rumawa suka ara suka mayar Homericus, daga nan ta gangaro cikin Ingilishi da Faransanci. Aikin da "ic" ɗin ƙarshe ke yi shi ne na ya'un nisba a nahawun Larabci. A Ingilishi da babban baƙi ake fara rubuta ta kullum tunda sunan mutum ne, kuma a gaɓar tsakiya ake danna murya: ho-ME-rik.

Hanyoyi uku ake amfani da ita. Wani lokaci nufin kawai abin da ya shafi mawaƙin kansa, ko irin Girkancinsa, ko zamanin da ya waƙe. Wani lokaci nufin rubutun wani da ya bi salonsa. Na uku, wanda kika ci karo da shi, shi ne abin da girmansa ya wuce na mutanen yau, irin na mazan jiya.

Epic kuwa daga epos ta fito, wato magana ko waƙa, kuma sunan nau'i ne: duk doguwar waƙar da ke ba da labarin gwaraza, ta Girka ce ko ta Farisa ko ta Indiya. Yau ta tsufa a bakin matasa, har ƙwallon da aka zura a raga sai su ce epic. Heroic ta shafi hali, kamar na wanda ya faɗa gida yana cin wuta don ya fito da yaro. Homeric ta fi su ƙunci. Mai faɗinta yana kawo miki hoton faɗa gaba da gaba, inda kowane jarumi an san sunansa da na ubansa da garinsu, ya tsaya ya yi cika-baki kafin ya jefa mashi. Yaƙin jirage marasa matuƙa, inda mai harbi bai ga fuskar wanda ya kashe ba, komai girmansa kalmar ba ta dace da shi ba.

Malamai, na ji an ce Homa makaho ne, na kuma ji an ce babu shi ma sam. Wanne zan gaya wa ɗalibaina? — Wani malamin sakandare, Gusau

Malam, gaya musu duka biyun, amma ka bambance abin da ke hannu da abin da ake ji a baka. Abin da ke hannu shi ne waƙoƙin. Iliyad tana da ɗango sama da 15,600, Odisi sama da 12,000, kowacce an raba ta kashi 24, daidai da yawan baƙaƙen Girkanci. Galibin masana suna sanya tsara su a ƙarni na 8 ko farkon na 7 kafin haihuwar Annabi Isa Alaihis Salam, wato dab da lokacin da Girkawa suka ari baƙaƙen rubutu daga Finikiyawa. Harshen waƙoƙin ya fi karkata ga karin Girkawan gaɓar da yanzu take yammacin Turkiyya. Garuruwa da dama sun yi ta jayayya kan cewa ɗansu ne, waɗanda suka fi ƙarfin da'awa su ne tsibirin Kiyos da birnin Simirna, Izmir ta yau. Makantarsa ruwaya ce ta Girkawan da, kuma a cikin Odisi akwai wani makahon mawaƙin fada da mutane suka daɗe suna ɗauka hoton Homa ne da kansa.

Shakka ta yi ƙarfi ne a 1795, lokacin da Bajamushe Friedrich August Wolf ya kawo hujja cewa waƙoƙin guntaye ne na baka da aka harhaɗa daga baya. Aka shekara fiye da ɗari ana ja, wasu na cewa mutum ɗaya ne, wasu na cewa taro ne. Wanda ya sauya akalar muhawarar shi ne Ba'amurke Milman Parry. Tsakanin 1933 da 1935 shi da ɗalibinsa Albert Lord suka shiga ƙauyukan Yugoslabiya da na'urar ɗaukar murya, suka sami mawaƙa da ba su iya karatu ba suna rera labarin yaƙi da wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake gogawa, dangin kukuma. Ɗaya daga cikinsu, Avdo Međedović, ya tsara waƙa mai ɗango sama da 12,000, kusan tsawon Odisi. Parry ya nuna cewa ba hadda suke yi kalma da kalma ba. Suna da rumbun shiryayyun jimloli da suka gada, da su suke gina waƙar a lokacin da suke rerawa. Irin waɗannan jimlolin ne suka cika Iliyad.

Don haka ko mutum ɗaya ne ya ba waƙoƙin siffarsu ta ƙarshe, sana'ar gado ce ya tarar. Birnin da Girkawa suka kai wa yaƙi a Iliyad kuwa, Turoi, akwai kufansa a tudun Hisarlik kusa da Canakkale a Turkiyya, inda Heinrich Schliemann ya yi tono a shekarun 1870.

Ina rubuta doguwar waƙa kan wani yaƙin da. Wani aboki ya ce in yi ta da salon Homa. Mene ne sassan wannan salon, kuma ta yaya ake yinsa? — Wani marubuci mai tasowa, Kano

Malam, tambayarka ita ce cibiyar maganar, bari mu zauna a kanta.

Fara da kari. Kowane ɗango ƙafa shida gare shi. Ƙafa ko dai gaɓa mai nauyi ɗaya ce sai marasa nauyi biyu, kamar Sak-kwa-to, ko kuma masu nauyi biyu, kamar sar-ki. Ƙafa ta biyar kusan kullum irin ta farko ce, ta shida kuma gaɓa biyu ce tak, don haka ɗango ba ya kasa gaɓa 12, ba ya wuce 17. Babu amsa-amo ko kaɗan. A nan kunnen Bahaushe ya fi na Bature sa'a, domin rubutacciyar waƙarmu ma da nauyin gaɓa ake auna ta, kamar yadda aruli ya koyar, alhali waƙar Ingilishi da danna murya take tafiya. Shi ya sa masu fassara suka sha wuya. George Chapman, wanda ya kammala Iliyad a 1611, ya yi amfani da ɗango mai gaɓa 14. Alexander Pope, tsakanin 1715 da 1720, ya zuba ta cikin 'yar ƙwar biyu mai amsa-amo. Sulaiman al-Bustani ya fitar da ita cikin waƙar Larabci a Alƙahira a 1904.

Na biyu shi ne laƙabin da ke manne da suna. Akilis shi ne babban gwarzon Girkawa a Iliyad, amma ba a cika cewa Akilis kawai ba, sai Akilis mai saurin ƙafa. Gwarzon Turoi shi ne Hekta mai ƙyallin kwalkwali, jagoran Girkawa Agamemnon sarkin maza, alfijir mai jajayen yatsu. Wanda ya saba jin Kano ta Dabo tumbin giwa ko Katsina ɗakin kara ba ya buƙatar dogon bayani, ɗan'uwan kirari ne. Sai dai aikinsa biyu ne, yana yabo, yana kuma cike gurbin kari. Odisiyus, gwarzon Odisi, yana da gajeren laƙabi, mai daraja. Yana da matsakaici, mai yawan dabara. Yana da dogo, mai yawan jimiri mai daraja. Mawaƙi na zaɓar wanda ya yi daidai da filin da ya rage masa a ɗango. Shi ya sa za ka ga an kira Akilis mai saurin ƙafa alhali yana zaune a bukkarsa yana fushi, ko a kira jiragen ruwa masu gudu alhali an janye su kan tudu. Kuskuren masu kwaikwayo shi ne ƙirƙiro sabon laƙabi a kowane shafi don kada a ce sun maimaita. Maimaicin shi ne salon. Ba kowane jarumi laƙabi biyu ko uku masu tsawo dabam-dabam, ka tsaya a kansu.

Na uku, shiryayyun fage. Cin abinci, karɓar baƙo, shiga jirgi, ɗaura kayan yaƙi, kowanne da jerinsa da ba ya sauyawa. Sau huɗu ake nuna jarumi yana shiri filla-filla a Iliyad, a kashi na 3 da na 11 da na 16 da na 19, kuma kullum jerin ɗaya ne: kariyar ƙwauri, sulken ƙirji, takobi, garkuwa, kwalkwali, sannan mashi. Amfanin tsayayyen jeri shi ne ranar da aka saɓa masa, mai sauraro zai farga. A kashi na 16, Patrokulus ya sa kayan amininsa Akilis duka, amma da aka zo kan mashin Akilis sai mawaƙi ya ce bai ɗauka ba, domin ba mai iya sarrafa shi sai mai shi. Daga nan ka san mutumin nan ya ari rigar da ta fi ƙarfinsa, kuma a ƙarshen kashin aka kashe shi.

Na huɗu, wanda ya fi shahara, shi ne doguwar kamantawa. Akwai kimanin 200 a Iliyad, kimanin 40 a Odisi. Gajeriyar kamantawa ita ce ka ce barde ya faɗa musu kamar shirwa. Doguwa kuwa, ka buɗe da "kamar yadda", ka bar fagen fama gaba ɗaya, ka shiga wata duniya ta zaman lafiya, ka ba ta ɗango uku zuwa takwas ta yi ɗan labarinta, sannan ka dawo da "haka nan". Ga misali da muka tsara maka: kamar yadda shirwa ke shawagi saman gida da hantsi, kaza ta ga inuwarta ta yi kuka, 'yan tsaki su watse, wasu ƙarƙashin rumbu wasu bayan turmi, uwargida ta fito tana jifa da muciya alhali an riga an suri ɗaya an yi sama, haka nan barden ya faɗa cikin rundunar.

Lura da uwargida da muciyarta: ba su da takwara a fagen yaƙi, kuma ba a buƙatar su samu. Wuri ɗaya kawai hotunan biyu ke haɗuwa, sauran na hutar da kunne ne da tuna wa mai sauraro rayuwar da yaƙi ke ci. Mai ƙoƙarin sai kowane abu ya dace da wani abu, kacici-kacici yake yi. Wani kuskuren shi ne kamanta yaƙi da yaƙi, ko tsoron ƙasƙantar da jarumi. Homa bai ji wannan tsoron ba. A kashi na 11 ya kamanta babban gwarzo Ajas, yana ja da baya a hankali, da jakin da ya kutsa gona yara na ta karya sanduna a gadon bayansa, bai fita ba sai da ya ƙoshi. A Odisi ya kamanta Odisiyus yana juye-juye a shimfiɗa da tumbin da aka cusa wa kitse da jini ana jujjuya shi a kan wuta. Kada kuma ka barbaɗa kamantawar ko'ina. Ajiye ta wurin da labari zai juya.

Sauran sassan a taƙaice: ana fara labari daga tsakiya. Yaƙin Turoi shekara 10 aka yi, amma Iliyad kimanin kwana 50 kacal ta ɗauka daga shekarar ƙarshe, kalmarta ta farko ita ce fushi, ta kuma ƙare da jana'izar Hekta. Akwai dogon lissafin runduna, kamar na kashi na 2 mai jirage 1,186. Akwai dogayen jawabai daga bakin jarumai.

Gargaɗi biyu. Mutane na zaton salon Homa shi ne tara manyan kalmomi. Matthew Arnold, a laccocin da ya gabatar a Oxford aka buga a 1861, ya ce siffofinsa su ne sauri, da sauƙin lafazi, da sauƙin tunani, da ɗaukaka. Idan mai karatu sai ya koma baya kafin ya gane wa ya soki wa, ka kauce. Na biyun ya fi wuya ga wanda ya tashi da waƙar fada ko ta dambe, inda abokin gabar ubangida rabonsa zambo da habaici. A wurin Homa maƙiyi mutum ne cikakke. Bagirke ne ke waƙar, amma Hekta na Turoi ya fi kowa shiga rai, kuma a kashi na 24 dattijo Piriyam, sarkin Turoi kuma mahaifin Hekta, ya shiga sansanin maƙiya da dare, ya sumbaci hannun Akilis da ya kashe ɗansa don a ba shi gawa, su biyun suka zauna suna kuka. In ka mayar da ɗaya ɓangaren ragwaye, waƙar yabo ka yi, kuma ita ma sana'a ce, amma ba ita abokinka ke nufi ba.

A makaranta mun karanta "rire homérique" a littafin Faransanci. Me ya haɗa mawaƙin yaƙi da dariya? — Wani mai karatu, Maraɗi

Malam, a Ingilishi ma akwai ta, Homeric laughter. Tushenta ƙarshen kashi na 1 na Iliyad ne. Allolin da Girkawa ke bauta wa a jahiliyyarsu suna liyafa, rigima ta tashi tsakanin babbansu da matarsa, sai maƙerinsu Hefaistos, wanda gurgu ne, ya tashi yana zagayawa da abin sha don ya kwantar da hankali. Ganin yadda yake ɗingishi yana haki, sai suka tuntsure da dariyar da mawaƙi ya kira asbestos, wato wadda ba ta kasuwa. Kalmar nan ce dai ta zama sunan abin rufin ɗakin da aka sani. An sake irin wannan dariya a kashi na 8 na Odisi, lokacin da maƙerin ya kama matarsa da kwartonta cikin raga ya kira jama'a su gani.

Saboda haka ma'anarta dariya ce mai ƙarfi ta taron jama'a, wadda ake yi har da riƙe ciki an kasa tsayawa. Murmushi ko 'yar dariyar mutum ɗaya ba su shiga ba. Kuma in ka duba asalin, akwai ƙeta a ciki, domin a duka wuraren biyu wani ake yi wa.

Idan na ci karo da kalmar a labarin da zan fassara, me zan ce da Hausa? — Wata mai fassara a gidan rediyo

Malama, duba abin da ta siffanta. In faɗa ne ko gasa, gumurzu irin na mazan jiya ya wadatar, ko gagarumin artabu. In liyafa ce, ki ce ta kece raini. In rubutun ilimi ne kan adabi, bar sunan a wurinsa: salon Homa, zamanin Homa. Mai sauraron labarai ba ya buƙatar sunan, ɗalibi kuwa yana buƙata. Abu ɗaya da za ki kiyaye: ba ta da wata alaƙa da kalmar home, don haka fassarar da ta kawo gida cikin zancen ta ɓata.

Shin a Afirka muna da waƙoƙin da za a kira Homeric? — Wani ɗalibi, Kumasi

An yi wannan muhawarar. A 1970 Ruth Finnegan ta rubuta cewa da ƙyar ake samun irin wannan doguwar waƙar labari a Afirka kudu da Sahara. Isidore Okpewho na Najeriya ya mayar da martani da littafi guda a 1979. Hujjojin sun haɗa da labarin Sunjata na Mandinkawa, wanda Djibril Tamsir Niane ya buga da Faransanci a 1960 daga bakin wani maroƙin gado, da labarin Ozidi na Ijo, mai cin dare bakwai, wanda J. P. Clark ya ɗauka a 1963. Yau ba a cika musun cewa nau'in yana nan ba.

A ƙasar Hausa ƙarfinmu ya fi karkata ga kirari da yabo, inda ake ambaton aikin jarumi a dunƙule ba tare da jero labarin daga farko zuwa ƙarshe ba. Waƙoƙin da malaman jihadi suka rubuta kan yaƙe-yaƙe irin na Tabkin Kwatto a 1804 suna ba da labari, amma rubutattu ne, masu amsa-amo, gajeru in an gwada da Iliyad, kuma manufarsu addini ce. A ganinmu, liƙa musu sunan Homa ba ya ƙara musu komai, yana ma sa ɗalibi ya nemi abin da ba su yi niyyar bayarwa ba. Kwatanta dabara da dabara, laƙabi da kirari, ya fi amfani.

A wane kashi na Iliyad ne labarin dokin katako da na diddigen Akilis suke? Na nema ban gani ba. — Wata mai karatu, Jos

Ba za ki gani ba, Malama, domin ba sa ciki. Iliyad ta ƙare birnin bai faɗi ba, Akilis kuma yana raye. Dokin katako a Odisi aka ambace shi, a kashi na 4 da na 8 da na 11, a matsayin abin da ya riga ya wuce. Cikakken labarin da aka fi sani, na yadda aka ja dokin cikin gari mayaƙa suka fito da dare, mawaƙin Rum Virgil ne ya tsara shi, wanda ya rasu shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa Alaihis Salam. Zancen cewa uwar Akilis ta tsoma shi a kogi tana riƙe da diddigensa, har wurin ya zama lagonsa, ya fi wannan ma zuwa a baya, a waƙar Statius ta ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa. A Iliyad Akilis mutum ne da makami ke kamawa, har an ji masa rauni a hannu a kashi na 21 jini ya zuba. Abin da aka faɗa kan ajalinsa shi ne hasashen da Hekta ya yi yana gargarar mutuwa a kashi na 22, cewa Paris, ɗan'uwan Hekta, da Apolo, ɗaya daga cikin allolin Girkawa, za su kashe shi a bakin ƙofar birni.